Sharhi: Dakalin Kujera na Asali ko na Kwaikwayo? Warware Gardamar Masu Farfaɗo da Tsofaffin Motoci

Masu farfaɗo da tsofaffin motoci sun daɗe suna ja-in-ja a kan tambaya guda: idan wani sashe na jikin mota ya ruɓe, a nemo irinsa na asali komai tsadarsa, ko a sayi sabon da aka ƙera da kwaikwayonsa? Gardamar kan yi zafi a kan ƙarfen da kujera ke zaune a kai, domin a nan ne tarihin mota da aljihun mai ita da lafiyar direba suka haɗu. Wasu na ɗaukar duk abin da ba kamfanin motar ne ya buga ba a matsayin jabu. Wasu kuma na ganin sabo ya fi tsoho ko ta halin ƙaƙa. Ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa tambayoyi uku da ya kamata a raba: wanne ya fi daraja, wanne ya fi zama daidai, wanne kuma ya fi ƙarfi. Motar Ford Mustang ta shekarun 1960, wadda ake yin wannan muhawara a kanta a Amurka, ita ce za ta zama misali.

Ma'anar kalmomi

Farfaɗo da mota ya wuce gyara. Mai gyara burinsa mota ta tashi ta hau titi. Mai farfaɗowa burinsa ta koma yadda ta fito daga masana'anta, daga launin fenti har zuwa irin kusoshin da aka ɗaure ta da su.

Dakalin kujera wani akwatin ƙarfe ne mara zurfi da ake kifawa a kan daɓen mota a yi masa walda, wato a narka gefensa ya haɗe da daɓen. A samansa akwai huji huɗu inda kusoshin layin kujera ke shiga. Layin kujera shi ne dogon ƙarfen nan da kujera ke zamewa a kai idan direba ya matsa gaba ko baya. Dakalin na ɗaga kujera zuwa tsayin da ya dace da sitiyari da birki, yana kuma ƙara wa daɓen tauri.

Kayan da ake maye gurbinsa da su iri huɗu ne. Na farko, na asali da aka yanko daga wata motar da ta mutu, abin da a kasuwanninmu ake kira Beljiyam, wato kayan da aka taɓa amfani da su. Na biyu, sabo tsohon ajiya: kamfanin motar ne ya buga shi tun zamanin da ake ƙera ta, ya zauna a sito ba a taɓa ɗaura shi ba. Na uku, na kwaikwayo, wanda wani kamfani daban ya auna na asali ya buga irinsa a yau, da izinin kamfanin motar ko ba da izini ba. Na huɗu, ƙirar hannu, wadda mai gyaran bodi ke yankowa daga falankin ƙarfe ya lanƙwasa da guduma.

Jabu ba ya cikin waɗannan. Jabu shi ne kayan da aka yi wa ƙarya, aka manna masa tambarin da ba nasa ba ko aka sayar da shi da sunan orijina. Kayan kwaikwayo da aka sayar da sunansa na gaskiya halastacciyar haja ce. Abin da ya rage shi ne a duba ingancinsa.

Asalin matsalar

Kamfanin Ford ya gabatar da Mustang ga jama'a ranar 17 ga Afrilu, 1964, a bajekolin duniya na birnin New York. Cikin shekara guda an sayar da fiye da 400,000, kuma kafin ta cika shekara biyu an ƙera miliyan ɗaya. Mota ce ta matasa da ma'aikata, an gina ta a kan tsarin ƙaramar motar Falcon don ta yi araha. Babu wanda ya ƙera ta da niyyar ta shekara 60.

Abin lura a ƙirarta shi ne ba ta da shasi na daban, wato wannan ƙashin ƙarfe mai kauri da ake ɗora bodi a kai kamar na manyan motoci. Bodin ne ke ɗauke da kansa. Falankan ƙarfe marasa kauri, kimanin milimita ɗaya a daɓe, aka lanƙwasa aka haɗa da ɗigon walda masu yawa, kowanne na tallafar ɗan'uwansa. A irin wannan ƙira daɓe da dakali ba shimfiɗa ba ce kawai, suna cikin abin da ke hana mota murɗewa.

Tsatsa kuwa ta kan shigo ta sama da ƙasa. Daga ƙasa, gishirin da ake watsawa a titunan arewacin Amurka lokacin hunturu don narka ƙanƙara yana cin ƙarfe. Daga sama, akwai wani rami mai raga a gaban gilashin gaba wanda iska ke bi ta shiga mota. Ganye da laka kan taru a cikinsa, ƙarfen ciki ba shi da kariya sosai, sai ya huje, ruwan sama ya riƙa ɗiga a ƙafar direba. Kafet ya sha ruwan ya riƙe shi wata da watanni. Cikin dakalin kuma rufaffe ne, fenti bai kai can ba, don haka yakan ruɓe daga ciki alhali samansa na nan kamar lafiya lau. Shi ya sa motocin da suka rayu a busassun jihohi irin su Arizona suka fi tsada, kuma daga can ake neman daɓen asali.

Yadda kasuwar kwaikwayo ta bunƙasa

Da shekaru suka ja, kayan da Ford ya ajiye suka ƙare, motocin da ake yanka a juji su ma suka ragu, masu son motar kuma suka ƙaru. Wannan giɓi ne kamfanonin kwaikwayo suka cike, kuma kaso mai yawa na falankan jikin da ake sayarwa a Amurka a Taiwan ake buga su. Abin ya kai ga ana buga bodi sukutum. A 2011 Ford ya sanar da cewa ya ba da lasisin sabon bodin Mustang ta 1965 mai buɗaɗɗen rufi, wanda kamfanin Dynacorn ke samarwa, a kan kimanin dala 15,000. A Ingila ma kamfanin British Motor Heritage ya fara buga sabon bodin motar MGB tun 1988, shi kuma da ainihin ma'aunan bugu na masana'antar farko.

Wannan misali na ƙarshe ya nuna cewa iyakar da ke tsakanin na asali da na kwaikwayo ba a miƙe take ba. Ƙarfen da aka buga a yau da ma'aunin jiya, sabo ne ta fuskar shekaru, na asali ne ta fuskar siffa. Wanda aka buga da sabon ma'auni da aka kwafo daga tsohon sashe kuwa, ingancinsa ya dogara ga sashen da aka kwafa da kuma kulawar masu bugun. Saboda haka kayan kwaikwayo ba aji ɗaya ba ne: akwai mai kauri da ke zama daram, akwai mai laushi da hujinsa ya goce.

Hujjar masu riƙo da na asali

Masu wannan ra'ayi na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma suna da dalilai uku. Na farko shi ne dacewa. Sashen da ya fito daga ma'aunin Ford, lanƙwasarsa da hujinsa da kaurinsa duk sun yi daidai da daɓen da aka ƙera shi dominsa, don haka ba a shan wahalar daidaita shi.

Na biyu shi ne tarihi. Ƙarfen asali na ɗauke da shaidar yadda aka yi aiki a masana'anta: tazarar ɗigon walda, yadda aka shafa maganin toshe haɗi, har da bambancin da ke tsakanin masana'antu uku da suka haɗa motar a Dearborn da San Jose da Metuchen. Idan aka yanke shi aka jefar, wannan shaida ta tafi ke nan. Ƙungiyar FIVA ta duniya, wadda ke kula da motocin tarihi kuma ta sa shekara 30 a matsayin mafi ƙarancin shekarun motar tarihi, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a Janairun 2013. Ruhin yarjejeniyar shi ne a adana ainihin kayan mota gwargwadon iko, a rubuta duk canjin da aka yi, kuma sabon sashe ya zama ana iya gane shi.

Na uku shi ne gasa da kasuwa. Ƙungiyar masu Mustang ta Amurka, wadda aka kafa a 1976, tana da azuzuwan alƙalanci daban-daban, kuma a ajinta na ƙoli kayan asali ko sabo tsohon ajiya ake nema, na kwaikwayo na jawo ragin maki. Ɗanɗanon manyan masu tara motoci ma ya karkata ga abin da ba a taɓa ba. A gasar Pebble Beach ta 2024 a California, motar Bugatti Type 59 ta 1934 da aka bari da tsufanta ce ta lashe babbar kyauta, karon farko da mota daga ajin adanawa ta yi hakan.

Hujjar masu karɓar na kwaikwayo

Ɗaya ɓangaren na cewa sunan asali ba ya hana ƙarfe tsufa. Dakalin da aka yanko daga motar juji shi ma ya haura shekara 50, shi ma cikinsa ba fenti, kuma wajen ɓanɓaro shi sai an huda kowane ɗigon walda, gefensa ya zama huji-huji, wani lokaci ya lanƙwashe. Mai saye na iya biyan kuɗi mai yawa ya ɗauko tsatsar wata mota ya dasa a tasa.

Sabon dakali kuwa ƙarfe ne mai tsabta, yawanci da shafin farko na kariya, gefensa lafiyayye, walda na kama shi da sauƙi. Ana samunsa a kan kari, kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da ladan aikin ɗaura shi. Sannan sashe ne da kafet ke rufewa, ba kamar ƙofa ko bonet da ido ke gani ba. A ganin waɗannan, da mota ta zauna a ƙarƙashin tamfol tana jiran sashen da ba ya samuwa, gara ta hau titi da sabon ƙarfe. Wasu dogayen direbobi ma da gangan suke zaɓar dakalin da aka rage wa tsayi don kada kansu ya riƙa taɓa rufi ko cinyarsu ta riƙa gogar sitiyari.

Sai dai su ma sun yarda cewa araha ba ta ado. Ƙorafin da aka fi yi a kan na kwaikwayo shi ne gefen da bai kwanta a kan daɓe ba, lanƙwasar da ba ta fita sosai ba, da huji da ya kauce da milimita kaɗan. Akwai kuma kuskuren saye: dakalin Mustang na 1965 zuwa 1968 daban yake da na 1969 da 1970, sannan na mota mai buɗaɗɗen rufi daban ne, domin rashin rufi ya sa aka ƙara mata ƙarfafa a ƙasa, dakalinta ya haye ramin giya, wato tudun nan da ke tsakiyar daɓe, ya haɗa ɓangarori biyu.

Inda aikin yake: awo da walda

A gareji, yawancin abin da ake ɗora wa kayan kwaikwayo laifi daga hannun mai ɗaurawa yake fitowa. Ƙwararre ba ya kama injin yanka sai ya auna tsohon dakali daga wuraren da ba za su motsa ba, kamar ginshiƙin ƙofa da ramin giya, ya rubuta, ya ɗauki hoto. Yana tallafe motar a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ya yi gefe ɗaya ya bar ɗayan ya zama madubi. Idan daɓen duka zai fita, sai ya gicciya ƙarfe a bakin ƙofofi don kada bodin ya saki.

Bayan an huda tsofaffin ɗigon walda an goge wurin, sai a shafe cikin sabon dakali da saman daɓen da zai rufe da maganin tsatsa, a bar bakin haɗi da irin shafin da walda ke ratsawa. Daga nan a kafa dakalin da ƙananan sukurori na wucin gadi, ba walda tukuna. A Mustang, kusoshin layin kujera na ratsa dakali, kuma daga ƙarƙashin mota ake ɗaure notinansu ta wasu ramuka a daɓe da ake toshewa da roba. To, idan hujin dakali bai yi saiti da ramin daɓe ba, sifana ba za ta kai ga noti ba. Shi ya sa ake ɗora kujerar kanta a ɗaure ta, a zame ta gaba da baya har ƙarshe, a zauna a ga ko tsakiyar kujera ta fuskanci tsakiyar sitiyari, a rufe ƙofa a ga ko ta gogi kujera. Layi biyun da ba su tafi a jere ba kan sa kujera ta cije a tsakiya.

Sai komai ya zauna sannan a yi walda, ita ma ɗigo-ɗigo ta cikin hujin da aka yi a gefen dakali, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan don zafi kada ya taru ya murɗe ƙarfe. A ƙarshe a toshe bakin haɗi, a yi fenti, a fesa kakin kariya a ciki. Wanda ya bi wannan tsari zai iya gyara ƙaramin kuskuren kayan kwaikwayo da guduma da zarto. Wanda ya tsallake shi kuwa zai ɓata ko da sabo tsohon ajiya ne.

Akwai matakin da ke gaban duk waɗannan: toshe inda ruwan ke shigowa. Wanda ya sa sabon daɓe bai gyara ramin iska na gaban gilashi ba, bayan 'yan damuna zai sake wannan aiki.

Batun tsaro

Daga 1968 dokokin tarayyar Amurka suka wajabta bel a sababbin motoci, suka kuma gindaya ƙa'idar ƙarfin kujera: maɗaurinta ya jure ja ko turi da ya ninka nauyin kujerar sau 20, ta gaba da ta baya. Kujera mai kilo 15 ke nan sai maɗaurinta ya riƙe abin da ya kai nauyin kilo 300. Idan aka daki mota ta baya, nauyin mutum ma kan kujera yake faɗawa, kuma duk wannan ƙarfi a kan kusoshi huɗu da ɗigon waldar dakali yake sauka. Maɗaurin bel na cinya a irin waɗannan motoci shi ma a jikin daɓe yake.

A nan tambayar asali ko kwaikwayo ba ta da amsa sai an duba ƙarfen. Lafiyayyen dakali na asali ya isa. Sabo mai kauri daidai da aka yi wa walda mai kyau shi ma ya isa. Masu haɗari su ne na asalin da tsatsa ta sirance, da sabon da ya gaza kauri, da kowane irin da aka liƙa da ƙusar rifit ko aka rufe ruɓarsa da fila, wato wannan ƙullin da ake cike lotsawar bodi da shi. Ya kamata kuma a sani cewa sabon dakali ba ya mayar da motar 1965 ta zama ta zamani. Iyakarsa ya maido ta ƙarfin da aka ƙera ta da shi.

Tasiri a kan daraja da takardu

Tasirin canjin a kan farashi ya danganta da irin motar. Mota mai wuyar samu, kamar Shelby GT350, ko wadda ba a taɓa buɗe ta ba, kowane yanki na ƙarfenta na asali kuɗi ne, don haka a irinta an fi son a yanke ruɓaɓɓen wuri kaɗai a yi faci a bar sauran. Motar hawa ta yau da kullum kuwa, mai saye ya fi damuwa da daɓe mara tsatsa da aiki mai tsabta.

Ta fuskar doka, lambar shaidar Mustang ta farko a jikin ƙarfen ɗakin inji aka buga ta, don haka canza dakali bai taɓa ta ba. Amma ba kowace mota ce haka ba. A Volkswagen Beetle lambar shasi na kan ramin tsakiya a ƙarƙashin kujerar baya, kusa da inda ake aikin daɓe. Canza bodi gaba ɗaya kuwa wani babi ne, domin dokar rajista ta bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma ciro lamba daga wata mota a dasa a wata na iya zama laifi.

Abin da ya shafi garejojinmu

Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa har zuwa tsakiyar shekarun 2000 a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, ita ma bodinta ne ke ɗauke da kansa, kuma da yawa daga cikinsu sun haura shekara 30. A Arewa babu gishirin hunturu, bushewar iska ma gata ce ga ƙarfe. Abin da ya fi cin daɓe a nan shi ne yoyon roba lokacin damuna, wankin cikin mota da ruwa, da tsagewar ƙarfe saboda lodi da ramukan hanya. Wanda ya nufi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, zaɓinsa yawanci tsakanin yankakken daɓen wata mota ne da ƙirar hannu. Ƙa'idar ba ta canza ba: a ƙwanƙwasa ƙarfen a duba cikinsa, a daidaita kauri, a gwada kujera kafin walda. Waldar gas da aka saba da ita tana yaɗa zafi sosai a siririn falanki, don haka tana buƙatar haƙuri da hannu mai sanyi.

Matsaya

Idan aka raba tambayoyin nan uku, sauran gardamar kaɗan ce. Dakalin asali da ke da lafiya a bar shi, a kankare, a kare shi, domin babu sabon da zai fi shi dacewa ko tarihi. Wanda ya ruɓe a wuri ɗaya a yi masa faci. Wanda ya ruɓe a inda kusoshi ke kamawa ko a bakin walda a cire shi, a sa mafi ingancin abin da ya samu, na asali ne ko na kwaikwayo. Yadda kayan asali ke ƙara ƙaranci, rabon na kwaikwayo a cikin motocin da ke kan titi zai ci gaba da ƙaruwa, kuma hakan zai ƙara wa motocin da ba a taɓa ba tsada.

Abin da zai kare mai saye a wannan yanayi shi ne rubutu. Mai farfaɗowa ya ajiye hoton wurin kafin yanka da bayan walda, rasiɗin sashen da ya saya, da sunan kamfanin da ya buga shi, ya miƙa su tare da mota ranar da ta canza hannu. Mai saye kuma ya ɗaga kafet, ya leƙa ƙarƙashi, ya nemi waɗannan takardu kafin ya yi tayi.